Gwanin Da Ke Ƙawata Ƙofar Gida Da Fitilu

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, unguwannin cikin birnin Kano sukan sauya kama da dare. Lunguna su cika da tutoci, ƙofofin gidaje da masallatai da makarantun Islamiyya su ɗauki haske kore da fari, wasu fitilun na gudu a kan katanga, wasu na ƙyaftawa a jikin darbejiya. Haka ake yi har a wuce Takutaha, ranar hawan Dutsen Dala. In Disamba ta shigo da hunturunta kuma, sai adon ya koma majami'u da gidajen Kirista na Sabon Gari da na Wusasa a Zariya. Mai wucewa yakan ce "ma sha Allah" ya yi gaba, bai san akwai wanda ya wuni a kan tsani kafin hasken ya tashi ba.

Abin da gwanin yake fara yi shi ne kallo. Yakan tsallaka ɗaya gefen hanya ya tsaya, ya ƙare wa fuskar gidan kallo: ina zanko yake, wato ƙahonnin nan na saman soro, ina bakin zaure, ina indararo, ina wayar NEPA ta shiga gida. A nan yake yanke shawarar layin da haske zai bi. Idan ginin gargajiya ne mai zayyana, sai ya sa fitila ta bi gefen zanen, ta fito da dagin da magini ya zana, maimakon ta binne shi. Daga nan ya auna katanga da awon igiya, ya rubuta tsawon kowane ɓangare a bayan kwalin fitila.

Sai lissafi, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Kowace fitila tana da abin da take ci, ana auna shi da wat. Tsohon ƙwai mai zare a ciki yana cin wat 60. Guda goma sun cinye wat 600, kusan duk ƙarfin ƙaramin janareto ke nan. Amma igiyar fitilun zamani da ake kira LED, mai ƙananan ƙwayaye 100, ba ta kai wat 10 ba. Shi ya sa yanzu ake iya haska layi guda da injin da a da ba zai ɗauki gida ɗaya ba. Tun 1882 ake wannan ado, lokacin da Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya ɗaura ƙwai 80 a bishiyar Kirsimeti a gidansa na New York. Masana uku 'yan asalin Japan da suka samar da shuɗiyar LED, wadda daga gare ta ake samun farin haske, sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Gwanin Kano yana haɗa jimillar wat ɗin, ya bar wa inji sarari, domin ya san injin da aka cika wa kaya ba ya kai tsakar dare.

Kafin ya hau sama, sai ya shimfiɗa igiyoyin duka a ƙasa ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Akwai igiyar da ƙwayayenta ke jere a hanya ɗaya, suna raba ƙarfin wutar gida, wato bolt 230, a tsakaninsu. In ƙwai 20 ne, kowanne ya samu kusan 12. Ɗaya ya mutu, duk layin ya ɗauke. Gara a gano mataccen a ƙasa da a neme shi ana lilo a kan tsani. Ita kuwa fitilar tiyo, wadda ƙwayayenta ke cikin roba mai laushi, tana da alamar da aka yi domin yanka. Wanda ya yanke ta a wani wuri dabam ya kashe wannan gaɓar gaba ɗaya.

Kayan aikinsa ba su da yawa: filaya, sukundireba, testa mai ɗan haske a gindi, salatif, guduma, da ƙullin siririyar wayar ɗauri. Yana jingina tsani, sai ya ja ƙafarsa baya taku ɗaya a kan kowane taku huɗu na tsayi. "Kai, danne da ƙafarka, kada ka kalli titi," in ji shi ga yaronsa. "To, Maigida," yaron ya amsa, ya riƙe da hannu biyu. A bangon siminti ƙusar kankare yake bugawa. A ginin ƙasa kuwa ƙusa ba ta kamawa, sai dai ta ɓantare yaɓe, don haka yakan ja wayar ɗauri daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɗaure ta tamau, sannan ya rataya fitilun a jikinta. Nauyi da jan iska duk a kan wayar ɗaurin suke sauka, wayar wuta kuwa ba ta ɗauki komai ba sai wuta. A jikin bishiya yakan naɗa sakwa-sakwa, ya bar wa reshe wurin motsi.

Dubi hannunsa wajen haɗi. Yakan feƙe robar waya daidai gaɓar yatsa, ba tare da ya tsinke ko silin tagulla ɗaya ba. Ya murɗa bakin biyu su kama juna, ya naɗe da salatif yana ja yana ɗora rabi a kan rabi. Haɗi na biyu kuma ba ya yin sa kusa da na farko. Yakan gusa da shi gaba kaɗan, ta yadda ko salatif ya saki, tsiraicin wayoyin biyu ba zai haɗu ba. Kafin waya ta shiga soket, sai ya sake ta ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a nan, kada ya shige ciki.

Shi ma yanayi yana cikin karatunsa, tunda Mauludi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2015 da 2016 cikin sanyin Disamba aka yi shi. A 2024 da 2025 kuwa a Satumba ya faɗo, damina ba ta gama tafiya ba. Hunturu yana zuwa da iska da ƙura, ya busar da roba har ta tsage. Damina tana neman kowace ɓaraka. Saboda haka in ya shiga kasuwar Sabon Gari sayen kaya, yakan juya kwali ya nemi lambar IP. Lamba ta farko kariya ce daga ƙura, ta biyu daga ruwa: IP44 tana jure feshi, IP65 ƙura ba ta shigarta sam. Wadda ba ta da lambar, ta ɗaki ce.

Duk wannan aiki a gaban 'yan majalisa ake yin sa, suna zaune a dakali tun hantsi. Wannan ya ce a ƙara ja, wancan ya ce a ɗaga hagu. Gwanin ba ya musu da su, ba ya kuma sauka. Ya san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Hankalinsa yana kan abin da ba su lura da shi ba. Igiyar da za ta tsallaka lungu sai ta yi tsayin da mota mai kaya ba za ta taɓa ta ba, ta kuma yi nesa da manyan wayoyin turke. Inda hannun yara zai kai, fitila mai bolt 12 yake sawa, ta bayan ɗan taransifoma. Ƙofar ƙarfe kuwa sai ya ɗora mata testa, ya tabbata ba ta ja.

Ana idar da sallar magariba yake kunnawa. Ya sake komawa inda ya tsaya da safe, ya duba inda layi ya karkace, ya gyara. Bayan rabin sa'a ya bi wayoyin yana taɓawa da bayan hannu. Wadda ta yi zafi, kaya sun yi mata yawa. In biki ya wuce ya dawo ya kwance, ya naɗe kowace igiya a kwalinta, baɗi a same ta lafiya.

Saboda haka, mai gida, in za ka ƙawata ƙofarka bana, nemi wanda ya iya, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Kuɗin aikinsa bai kai asarar gobarar dare ɗaya ba.