Faɗakarwa a kan wata takardar wasiyya da aka rubuta a ƙasar Jahun

Da sunan Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, an kawo mini wata takarda da wani malami ya rubuta wa wani manomi a ciwon ajalinsa. Hannu mai kyau, shaidu biyu, ban ƙi wannan ba. Amma ya rubuta cewa mamaci ya bar 'ya'yansa uku da gonarsa ta fadama a hannun ƙanensa, kalma ɗaya, bai rarrabe ba. Da aka yi sadakar arba'in sai baffan ya zo ɗaukar yaran, har da na goye, uwarsu tana kuka, shi kuwa yana nuna takarda.

Na ce: marubucin ya gama abu biyu da shari'a ta raba, wasici da reno.

Wasici shi ne tsayuwa a kan dukiyar maraya. Uba ne ke naɗa wasiyyi, ko wasiyyin uba. A mazhabar Malik kaka da wa da baffa ba su da wannan iko don zumunta kaɗai. In babu wasiyyi, sai alƙali. Nan takardar ta yi daidai: ƙanen ya riƙe gona, ya noma, ya ciyar da yara, ranar da hankalinsu ya nuna ya miƙa musu gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umurta. Sharaɗi ya zama Musulmi baligi, adali, mai iyawa. In ha'incinsa ya bayyana alƙali ya tuɓe shi.

Amma reno ba abin da uba ke bayarwa da alƙalami ba ne. Haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare. In ta auri bare ya koma ga uwarta, sa'an nan 'yar'uwarta, haka har a bi matan dangi. Duba babin reno a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ya rasu 776 hijira, ka ƙidaya mutum nawa ke gaban wasiyyi. Wanda ya sauke Risala ma bai kamata wannan ya ɓace masa ba.

Abin da ya fi damuna, marubucin bai tambayi majinyaci ko yana son uwar ta zama wasiyyiya ba. Mace tana halatta ga wannan, mutanenmu ne ba su saba ba. Kuma bai rubuta iyakokin gonar ba, ga ta tana maƙwabtaka da ta baffan.

Na aika aka kira baffan, na karanta masa babin. Ya bar na goye, ya ce manyan biyu sai alƙali ya faɗa. Ranar Litinin za su je Dutse. Allah shi ne mafi sani.