Ba girman allo ke ceton kumbo ba

In ka taɓa ganin hoton ɗakin da NASA ke lura da tafiyar kumbo a Houston, abin da zai fara ɗauke maka ido shi ne manyan allunan da suka cika bango. 'Yan fim da masu tallar kayan taro sun sa mun ɗauka a nan aikin yake. Ni dai ina ganin an ba allo girman da bai kai ba. Abin da ya kamata ka auna kayan taro da shi ɗaya ne: in ƙaramin injiniya ya hango matsala, muryarsa za ta isa kunnen mai yanke hukunci?

Duba daren 27 ga Janairun 1986. An yi taro ta wayar tarho tsakanin wurare uku: kamfanin Morton Thiokol a Utah, cibiyar Marshall a Alabama, da cibiyar Kennedy a Florida. Injiniyoyin Thiokol, ciki har da Roger Boisjoly, suka ce kada a harba kumbon Challenger cikin sanyin da ya yi ƙasa da kusan digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, domin zoben robar da ke toshe mahaɗar roka yana ƙandarewa. Bayanansu ta na'urar fakis aka aika, wasu ma da hannu aka rubuta. Da gardama ta yi zafi, sai Thiokol ya nemi minti biyar ya sauka daga layi. Minti biyar ɗin nan ya kai kusan rabin awa, kuma a cikinsa manajoji suka juya shawarar injiniyoyi. Da aka dawo layi aka tambaya ko akwai mai ja, sai shiru. Mutanen NASA ba su ga fuskar kowa ba, suka ɗauki shirun a matsayin amincewa. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu.

Za ka iya cewa da akwai bidiyo da an ga ɓacin ran injiniyoyin. Wataƙila. Amma ai wanda zai iya sauka daga layi zai iya kashe kyamara. Kuma a 2003, lokacin da kayan aiki suka ci gaba sosai, kwamitin da ya binciki hatsarin Columbia ya soki yadda aka cusa gargaɗi mafi muhimmanci can ƙasan shafin PowerPoint: ɓallin soson da ya bugi fiffiken kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa. Allon ya nuna, amma ba a gani ba.

To me ke aiki? Layukan murya. Kowane jami'i a ɗakin yana sanye da abin kunne, yana sauraron layuka da yawa a lokaci guda, yana magana a nasa. A ranar 20 ga Yulin 1969, kwamfutar Apollo 11 ta fara kukan 1202 ana dab da sauka a kan wata. Jack Garman, ɗan shekara 24 da ke ɗakin baya, ya gaya wa Steve Bales ta layi cewa a ci gaba, Bales ya gaya wa darakta Gene Kranz, cikin 'yan daƙiƙu saƙon ya isa ga 'yan sama-jannati. Ga kuma ƙa'idar da ta fi komai: darakta yana kiran kowane tebur ɗaya bayan ɗaya, dole ka buɗe baki ka ce a tafi ko kada a tafi. Ba a lissafa shiru a matsayin amsa.

Saboda haka in aka nuna maka sabon ɗakin taro mai walƙiya, yi tambaya uku. Wa ke da ikon kashe makirufo? Ana naɗar abin da aka faɗa in an koma gefe? Kuma ana kiran kowa da sunansa kafin a yanke hukunci?