Zaitun a Cikin Kasko: Nazari daga Gaɓar Gulbin Rima

Daga cikin sana'o'in da 'yan Adam suka ƙaga domin nishaɗin ido, ba domin cika rumbu ba, akwai wata wadda Japanawa suka shahara da ita, suna kiranta bonsai, wato a ɗauki itacen da Allah Ya halitta domin ya yi tsawo ya ba da inuwa, a tsare shi a cikin kasko marar zurfi, a riƙa datse masa rassa da saiwoyi shekara bayan shekara, har ya tsufa ya yi kamannin kakan itatuwa alhali tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Asalinta daga ƙasar Sin ne, domin an samu zanen bayi ɗauke da irin waɗannan kasake a bangon kabarin yarima Zhanghuai na shekarar 706. Daga can ta haye zuwa Japan, inda aka tsara mata ƙa'idoji, aka kafa mata unguwa guda a Omiya cikin 1925, aka kuma fara babban baje kolinta na Kokufu a Tokyo cikin 1934, wato shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su.

Da sana'ar ta isa ƙasashen Bahar Rum, ma'abotanta a Sifen da Italiya suka lura cewa wasu itatuwan Japan ba su jure zafin rani irin nasu, sai suka waiwayi abin da ke bayan gidajensu, suka sami zaitun, itacen da Alƙur'ani mai girma ya rantse da shi a Suratut Tin, ya kuma siffanta shi da albarka a Suratun Nur. Zaitun kuwa iri biyu ne a wurinsu. Akwai na gona, wanda aka zaɓo tun zamanin da saboda 'ya'yansa da mansa, mai dogon ganye da sakakkun rassa. Akwai kuma na daji, mai ƙananan ganye da gajerun gaɓoɓi da rassa masu tsini, wanda manoma ba su ɗauke shi a bakin komai ba sai dai su yi masa aure da na gona, yadda masu lambun fadama ke yi wa mangwaro. Abin i'itibari shi ne a wurin masu bonsai mizanin ya juye: na daji shi ne mai daraja, musamman na tsibirin Mayorka, domin ƙanƙantar ganyensa ta dace da ƙanƙantar kasko, kuma jikinsa ya riga ya zo da tarihi rubuce.

Ga yadda aikin yake idan aka matso kusa. Zaitun itace ne mai taurin rai, wanda ko an sare shi an bar kututture tsirara zai fesa toho daga tsohon ɓawo, saboda haka mai sana'ar yakan ɗauko guntun kututture kusan ba saiwa, ya dasa shi a cikin tsakuwa mai saurin tsane ruwa, ya jira. Idan toho ya fito birjik, sai ya zauna da almakashi ya zaɓi 'yan kaɗan waɗanda suka fito a inda yake so, ya cire sauran, ya naɗa wa waɗanda ya bari waya ta jan ƙarfe ko ta alminiyam tun suna ɗanye, domin reshen zaitun da zarar ya ƙosa ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi. Duk reshen da ya miƙe sai a mayar da shi zuwa ganye biyu ko huɗu, a bar shi ya sake rabuwa, a sake datsewa. Ɓangaren da ya mutu a jikin itacen ba a yar da shi. A kan sassaƙa shi, a goge, a shafa masa haɗin farar wuta da farar ƙasa ya yi fari fat, sai ka ga siririyar jijiya guda ta ɓawo mai rai tana kewaya farin mataccen itace tana kai ruwa zuwa ga ganyen da ke sama. Wannan haɗuwa ta matacce da rayayye a jiki guda ita ce ƙololuwar abin da suke nema.

A nan ne nake ganin sana'ar tana da aibin da masu yabonta ba su cika faɗa ba. Kyawun zaitun na daji ba aikin almakashi ba ne. Awaki ne suka yi shekaru aru-aru suna cinye tohonsa, iska ta karkata shi, fari ya kashe masa gefe guda, dutse ya matse masa saiwa. Mai sana'a ya zo daga baya da diga ya tono shi, ya gyara 'yan rassa, ya sa sunansa a jikin allo a wurin baje koli. Ban musanta gwanintarsa ba, domin raya irin wannan tsoho a cikin kasko yana bukatar ilmi da haƙuri mai yawa, amma adalci shi ne a bambanta tsakanin wanda ya reni itace tun yana tsiro da wanda ya ɗauko abin da zamani ya riga ya gama ƙerawa. Kuma kowane tsohon da aka tono, gurbinsa a kan dutsen ba ya cikewa a rayuwar mai tonon, balle waɗanda suke mutuwa a hanya, waɗanda ba a kai su baje koli.

Wannan mas'ala ba ta yi mana nisa yadda ake zato ba, domin akwai zaitun na daji a maƙwabtanmu. A duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar, can saman Bagzan da Tamgak a arewacin Agadas, da kuma Ahaggar ta Aljeriya da Jabal Marra ta Darfur, akwai wani jinsin zaitun da masana suka sa wa sunan Laperrine, ragowar zamanin da Sahara take da ni'ima. Ba ya rayuwa sai a tuddai masu tsawo ƙwarai, da ƙyar yake tsirowa daga ƙwallo, galibi daga tsohon gindi yake sake toho, dabbobin makiyaya kuma suna cin ganyensa har wasu su tsaya a dunƙule. Ta fuskar mai bonsai wannan taska ce; ta fuskar mai hankali kuwa, tono ko guda ɗaya daga cikinsu fasadi ne a bayan ƙasa.

To, mene ne rabon mutumin garin Augie da ke kwarin Rima a cikin wannan zance? Zaitun ba itacen ƙasarsa ba ne. Itace ne da ya saba da ruwan sama a lokacin sanyi da bushewa a lokacin zafi, yana kuma bukatar sanyi mai ɗan tsawo kafin ya yi fure, alhali a kwarin Rima ruwa da zafi tare suke zuwa, bazara kuma takan haura digiri 40. Wanda ya sayo shi da tsada ya sa a kasko, la'alla ya rayu, amma wahalarsa za ta fi amfaninsa. Sai dai ilmin da sana'ar ta ginu a kansa, wato sanin inda itace zai yi toho idan an sare shi, da wane reshe za a bari, da wane lokaci, yana nan a hannun mutanenmu tun kaka da kakanni, ba su dai sa shi a kasko ba ne. Dubi kukar da ke bakin gari, wadda ake sare wa rassa kowace shekara saboda miya, yadda kawunan rassanta suka dunƙule suna fitar da sabon toho. Dubi gawon da Bafulatani ke hawa da adda a tsakiyar rani ya sauke wa shanu ganye ba tare da ya kashe shi ba. Dubi magarya da aduwa a kan burtali, waɗanda awaki da raƙuma suka aske har suka zama gajeru masu kaurin gindi da cunkoson ƙananan rassa, daidai da siffar da ake biyan kuɗi mai yawa a kanta a Mayorka.

Mafi girman misali kuwa shi ne sassabin zamani na ƙasar Maraɗi. Tun daga 1983, lokacin da wani masanin aikin gona mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki toho ne na tsofaffin kututturan da suke da rai a ƙarƙashin ƙasa, manoma suka riƙa zaɓar 'yan rassa mafiya ƙarfi a gindin kalgo da sabara da gawo, su cire sauran, su riƙa gyarawa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Hannun da ke zaɓar toho a kan kututturen zaitun da hannun da ke zaɓarsa a kan kututturen kalgo aiki guda suke yi, illa ɗaya yana neman ƙanƙanta itace ne, ɗaya kuma yana neman ya girma. Idan aka ce in fifita, na fifita na biyu ba tare da shakka ba, domin shi ne ke tare iska da rairayi, ya ba da itacen girki da abincin dabba.

Amma ban ga laifin na farko ba idan aka kiyaye sharaɗi guda, wato kada a tono tsohon itace daga dajin da ya riga ya yi ƙaranci. Matashin Augie ko Argungu ko Birnin Kebbi da wannan sana'a ta ba shi sha'awa yana da aduwa, wadda daga itacenta ake sassaƙa allon da ya yi karatu da shi, tana da ƙananan ganye da haƙurin ƙishirwa. Yana da tsamiya da ceɗiya da kuka, wadda masu bonsai na Afirka ta Kudu suka daɗe suna renonta. Ya shuka ƙwallo ko ya dasa reshe, ya datse doguwar saiwar tun tsiron yana ƙarami domin ƙanana su yaɗu, ya sa maginan tukwane su gina masa kasko mai huda a gindi, ya cika shi da tsakuwar gulbi da ɗan taki. Sai dai kada ya bi kalandar littattafan Sifen ido rufe. A nan, lokacin taɓa saiwa shi ne gab da faɗuwar damina, sa'ad da itace ke shirin toho. Kuka idan ta zubar da ganye da rani a janye mata ruwa, in ba haka ba gindinta ya ruɓe. A tsakiyar bazara kuma kasko marar zurfi yana bukatar inuwar rana tsaka da ban ruwa safe da yamma.