Gwanin da Ke Tsare Wa Haruffa Ƙugiyarsu

Idan ka buɗe jerin sunayen ɗalibai a kwamfuta ka tarar da Ɗanjuma can ƙasan Zainab, ko ka ga "ƙasa" ta rikiɗe ta zama "Æ™asa", to rumbun bayanan nan bai samu gwani ba.

Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. Tsarin ASCII na Amurka gurbi 128 kaɗai ya tanada, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, UTF-8 kuma yana ajiye kowane ɗaya cikin baiti biyu. Da zarar manhaja ta karanta baitin nan da tsohon tsarin Windows-1252, sai harafi guda ya rabe biyu.

A nan gwani ke burge ni. Ba ya yin hasashe, ainihin baitin da ke ajiye yake dubawa. In ya ga Æ™, hankalinsa a kwance yake, domin harafin na nan, karatunsa aka kuskure. In kuwa alamar tambaya ce aka ajiye a gurbinsa, ya san harafin ya salwanta, sai a koma ga takardun asali.

Ya kuma san ajiya dabam, ƙa'idar harshe dabam. A rumbun PostgreSQL da aka kafa kan tsarin "C", umarnin mayar da rubutu manyan baƙaƙe daga a zuwa z kawai yake aiki, sai "ɗanjuma" ya fito "ɗANJUMA". Jeri ma girman lamba yake bi, shi ya sa Ɗ ke faɗawa bayan Z. Turkawa na da irin tasu matsalar: babban baƙin i a wurinsu İ ne mai ɗigo.

Tun fitowar PostgreSQL 10 a 2017 ana iya zaɓar ƙa'idojin harshe na ICU, inda jerin Hausa ke sa ɓ bayan b, ƙ bayan k, ts bayan t. Amma gwani ba ya gaggawa. Sai ya kwafe bayanan ya adana, ya gwada da sunaye masu ƙugiya, ya sake gina fihirisa, sannan ya saki aikin.

Albarkacin wannan taka-tsantsan ne ɗan fansho ke samun sunansa a rajista, ba a ce masa ya dawo gobe ba.