Waƙoƙin Shekarun Udoji: Tsakanin Bege da Nazari

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin dattawa da magidanta, har ma da waɗansu samari da ba su riski zamanin ba, wato wai waƙar Hausa ta ƙare tun shekarun 1970, abin da ya biyo baya duk hayaniya ce. In aka tambayi mai wannan magana dalilinsa, sai ya ce waƙoƙin da suna da ma'ana da tarbiyya, na yanzu kuwa ba abin da ke cikinsu sai soyayya da kwaikwayon Indiyawa. Daga nan sai ya jero sunaye: Shata, Ɗanmaraya, Haruna Uji, Barmani Coge, Hassan Wayam. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a ɗora maganar nan a kan ma'auni, a ga wane ɓangare nata ne hukuncin nazari, wane ne kuma begen ƙuruciya. Gwanintar mawaƙan nan ba abin musu ba ce, ni kaina ina cikin masu saurarensu har gobe. Abin da nake ja da shi shi ne rigar malanta da bege ya ɗinka musu bayan sun kau, domin ba da ita suka yi tashe ba.

Ya kamata mu fara tuna irin zamanin da ake magana a kai. An gama yaƙin basasa a watan Janairu na 1970, kuɗin man fetur suka fara kwarara. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kuma a duk waɗannan sauye-sauye hukuma ta nemi mawaƙa su wayar da kan jama'a. A 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji tare da bashin watanni, kasuwa ta cika da babura da agogo da rediyo mai kaset. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar waƙa. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe, ga shi da saurin fashewa, ga tsada. Kaset kuwa yana ɗaukar minti 60 ko 90, ana iya kwafarsa a rumfar kasuwa, ana iya sa shi a aljihu. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya riga ya kai muryoyin nan ƙauye da birni, har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Da kaset ya zo, sai tela da direba da mai shayi kowa ya mallaki mawaƙinsa, ba sai ya jira biki ko ya je ƙofar fada ba. Ke nan waƙoƙin da muke kira na gargajiya a yau, a wancan lokaci su ne waƙoƙin yayi, su samari ke rububi, su ake sakawa a tasha.

To, yaya dattawan wancan zamani suka ɗauke su? Duk wanda ya rayu a lokacin ya san amsa, sai dai in bai so faɗa ba. Makaɗi maroƙi ne, kuma gidaje da yawa ba sa ba maroƙi 'ya. Goge tun zamanin jihadi malamai ke ƙyamarsa saboda danganta shi da bori. Kukuma, wadda Ibrahim Nahabu da Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka yi fice da ita, kiɗan dandali ce da otal da gidajen mata masu zaman kansu, kuma yaron kirki ba ya bari a gan shi a wurin. Shata kansa, wanda aka haifa a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. A cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara akwai wadda ya yi wa mashaya, wadda ba ta da wata nasiha a cikinta ko ta sisin kwabo, akwai kuma Gagarabadau, wadda zambo ce tsagwaronta. Amadar Barmani Coge ta taron mata ce a cikin gida, inda ake kifa ƙwarya a ruwa ana faɗin abin da ba a faɗi a gaban maza. Haruna Uji na Haɗeja kuwa da me ya ci kasuwa in ba da waƙar soyayya ba? Gurminsa da begen Jummai su suka sa 'yammata da samari suka haddace shi. Wanda ya ce soyayya ce ta lalata waƙar Hausa, ya fara kai ƙarar Uji.

Haka batun Indiyawa yake. Silimun Kano da Kaduna da Jos sun daɗe suna nuna finafinan Indiya kafin a haifi mawaƙan fim na yau, kuma muryoyin Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushen birni. Abdu Yaron Goge na Jos ya ɗauki karin waƙar Indiya ya ɗora a kan gogensa, ya sa mata kalmomin Hausa, jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Aro dai tsohon hali ne.

Me ya sa ake mance duk wannan? Dalili na farko shi ne zamani rariya ne. A shekarun nan an yi mawaƙa birjik a kowane gari, mafi yawansu masu maimaita abin da wani ya faɗa ne, kuma sun tafi da waƙoƙinsu. Abin da ya iso gare mu tsabar ce, dusar ta bi iska. Idan muka ɗauki tsabar jiya muka gwada ta da hatsin yau da ba a ko sheƙe ba, mun yi zalunci a awo. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Mutum yakan riƙe waƙar da ya ji lokacin da gemunsa ke tsirowa, lokacin zance da sabon keke da albashin farko. In ya ji ta bayan shekara 40, waƙar yake ji tare da iyayensa da ke raye a lokacin, da abokan da suka riga shi, da garin da bai cika ba tukuna. Wannan abin tausayi ne, kuma ba wanda ya isa ya hana shi. Amma ba hujja ba ce a fagen nazari. Shaida kuwa ga ta a gabanmu: waƙoƙin fim ɗin Sangaya da ire-irensu, waɗanda aka yi wa ca wajen shekarar 2000 ana cewa fiyano ya kashe al'ada, har aka kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001, yau su ne magidanta 'yan shekara 40 ke saurare suna girgiza kai suna cewa an yi waƙa a da.

Duk da haka, ba zan ce masu bege ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Suna da ita, sai dai ba a inda suke nunawa take ba. Fifikon gwanayen shekarun nan yana cikin sana'ar kanta.

A ɗauki Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946, ya rasu a 2015. Kayan kiɗansa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, ba shi da 'yan amshi, ba shi da mai yi masa kirari. Mawaƙin da ke da 'yan amshi yana samun wurin numfasawa ya shirya ɗiya na gaba. Ɗanmaraya ba shi da wannan hutu, saboda haka dole ya gina waƙarsa kamar labari, kowane ɗa ya jawo na bayansa. A Jawabin Aure da Gulma Wuya har wasan kwaikwayo yake yi shi kaɗai, ya ari bakin miji, ya ari na mata, ya ari na magulmaciya, mai sauraro bai taɓa ruɗewa da wanda ke magana ba. Waƙar Karen Mota kuwa, a ganina, ita ce babbar bidi'ar zamanin. Al'adar roƙo ita ce a yabi wanda zai iya bayarwa, sarki ko attajiri. Shi kuwa ya juya ta, ya ɗauki yaron da ke kwana a kan kaya, mai sa wa taya waigi, wanda ba ya da ko taro da zai ba shi, ya yi masa waƙa. Ana iya kiran wannan faɗakarwa in an so, amma abin da ya raya waƙar shi ne idon mai ita, yadda ya lura da mutumin da kowa ke gani ba wanda ke kallo.

Shata kuma ƙarfinsa a wani wuri yake. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma kalangu ganga ce da ke iya hawa da sauka yadda magana ke yi. Shata yakan bar kalma ta zauna a kan karinta na asali, kiɗa ya bi ta, amshi ya zama gajere ƙwarai don kada ya tare masa hanya. Shi ya sa ko yaro ya ji shi ba ya tambayar me ya ce. A nan ne kukan dattawa ke da tushe. In aka fara da karin da aka aro, ko wanda aka tarar a cikin na'ura, sannan aka nemo kalmomi aka cusa, sai dogon wasali ya gajarce, gajere ya miƙe, kalma ta fito a karye. Wannan aibi yana da yawa a waƙoƙin fiyano, ko da yake ba duka ba, domin irin su Aminu Ala, da suka fito daga zauren rubutacciyar waƙa, suna kiyaye ma'auni da amsa-amo fiye da mawaƙan baka da dama na da.

Aibin mutanen da kuwa ba a cika son ambatonsa ba. Waƙoƙin Shata sun yi yawan da ba wanda ya san adadinsu, kuma kaso mai tsoka daga ciki jerin sunaye ne: wane na gode, wane ya ba ni mota, a gai da wane. In an cire daɗin muryar da kiɗan, ba abin da ya rage da za a nazarta. An yabi 'yan kwangila da dillalai ba a tambayi inda dukiyar ta fito ba. Kuma in ana maganar nauyin harshe da zurfin azanci, ban ga yadda za a ajiye yawancin waƙoƙin yayin nan kusa da na Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba. Amma bege ba ya bambancewa, duk ya zuba su a buhu ɗaya ya rubuta "na da" a kai, alhali Narambaɗa ya rasu tun kafin a san kaset a ƙasar Hausa.

Illar wannan wanki da ake yi wa mawaƙan ta wuce gardamar zaure, domin shi ke yanke abin da za a adana. Tun da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, ƙofar jami'a ta buɗe wa mawaƙan baka, abin a yaba. Sai dai ɗalibi yakan zaɓi waƙar da zai iya karantawa a gaban malaminsa ba tare da sunkuyar da kai ba, ya sa mata jigon gargaɗi ko wa'azi, mai gabatar da shiri a rediyo shi ma haka. Waƙoƙin dandali da na zambo da na amada, waɗanda su ne suka fi nuna yadda mutanen Udoji suka yi dariya da faɗa da nema, suna nan a kasusuwan da zafi ke cinyewa a cikin akwatuna. Waɗanda aka yi sa'a aka kwafe zuwa waya kuma suna yawo ba shekara, ba sunan garin da aka ɗauka, ba sunan makaɗi ko ɗan amshi ko ɗaya. Abin da aka rubuta a kan makaɗan kukuma gaba ɗayansu bai taka kara ya karya ba in an gwada da na Shata shi kaɗai, ga shi kuma Hassan Wayam, wanda ya daɗe a Zariya ana iya zuwa a tambaye shi, ya rasu a 2020.