Kafin Ka Taurara Gaban Babur Ɗinka, Ari Tef Ɗin Tela

Duk mai yawan zama a garejin gyaran babur a 'yan shekarun nan ya saba jin wannan magana: "Oga, gaban nan ya yi laushi, a ɗan taurara min shi." A da ba a taɓa shokozoban gaba sai ya fara yoyon mai, ko an yi karo ƙafa ta lanƙwashe. Yanzu kuwa saurayi zai sayo sabon Boxer ko Haojue, ko ledar kujera bai ɓare ba, ya zarce wurin bakanike a buɗe masa ƙafafun gaba. Wani a cusa masa guntun bututun ruwa a saman sifirin, wani a jera masa washa, wani a tsiyaye man kamfani a ɗura masa baƙin mai. Masu ɗan hali kuma su yi odar sifirin daga waje saboda sun gani a YouTube.

Ni ma yayin nan ya taɓa ɗiba ta, shi ya sa nake da bakin magana. Babur ɗina kan yi ruku'u duk lokacin da na matse birkin gaba, abin ya dame ni. Wani bakanike ya yanka min bututu biyu masu tsawon ɗan yatsa, ya danna su ciki, ya cika ƙafafun da baƙin mai. A kan kwalta mai santsi na ji kamar sabon babur aka ba ni. Ranar da na sauka hanyar ƙauyenmu mai gargada na gane an yi min gyaran gangar Abzinawa. Duk tsakuwar da taya ta taka sai na ji ta a wuyan hannuna, shokozoban na ƙara "ƙwas" duk sa'ad da na fito daga rami, a wata kwana mai yashi kuma tayar gaba ta zame, da ƙyar na dafe ƙasa da ƙafa.

Wani dattijon bakanike ne ya warware min. Na ce, "Baba, ƙarfi na ce a ƙara masa." Ya ce, "Yaro, ba a ƙara masa komai ba, ɗaga shi kawai aka yi." Na daɗe ina juya maganar kafin na gane lissafin da ke cikinta.

Lissafin tsoho ne. Tun 1678 wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya bayyana cewa lotsawar sifirin daidai take da nauyin da aka ɗora masa. Sifirin da aka rubuta wa 0.9, ma'anarsa duk kilo 0.9 na lotsa shi milimita ɗaya. Wannan lamba daga kaurin waya take zuwa, da faɗin naɗin, da yawan zagayen. Idan ka ɗora masa bututu mai milimita 10, lambar tana nan a 0.9 ɗinta. Abin da ya canza shi ne gaban babur ya zauna sama da inda yake da kusan milimita 10 ɗin nan. To a nan ɓarnar take. Shokozoba aiki biyu yake yi: ya lotsa idan taya ta hau tudu, ya miƙe ya bi taya idan ta faɗa rami. Wanda aka ɗaga har ya kusa ƙurewa sama ba shi da sauran miƙewa, sai taya ta riƙa barin ƙasa. Tayar da ke iska kuwa ba ta jin birki, ba ta jin juyin kai. Idan bututun ya yi tsawo da yawa, zagayen sifirin na iya haɗewa da juna kafin ƙafar ta gama shiga, ya koma sandar ƙarfe.

Asalin yayin yana da tushe mai kyau a inda ya fito. Kamfanin da ke ƙera babura dubbai ba ya sanin wanda zai hau, sai ya zaɓi sifirin na matsakaicin mutum. A Turai da Amurka masu manyan babura na tsere suka ga wannan bai ishe su ba, sana'a ta tashi a kai. Kenth Öhlin ya kafa Öhlins a Suwidin a 1976, Paul Thede ya kafa Race Tech a Kaliforniya, Hyperpro na ƙasar Holan ya yi suna da sifirin mai laushi a farko, mai ƙara tauri yayin da yake lotsawa. Sai dai kafin a sayar maka da sifirin a irin waɗannan wurare, tambayar farko ita ce nauyinka da kayan hawanka, da irin baburinka, da inda kake hawa. Mu sai muka ɗauko kayansu, muka baro tambayar a can. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Sifirin da aka yi don mai shiga kwana da mugun gudu a filin tsere ba shi da abin da zai yi wa mai kai buhun masara kasuwar ƙauye.

Ina ma buhun yake zama? A baya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki da 'yan lodi da masu goyon mutum biyu. Nauyin da ke kan kariya, musamman wanda ya zarce tayar baya, sauƙaƙa gaba yake yi, har ka ji kan babur na rawa. Mai irin wannan aiki shokozoban baya ya kamata ya fara dubawa. Taurara gaba a wurinsa kamar mai ciwon ciki ne ya ɗaure kai.

Abin da nake kira a kai ba ya cin ko sisi. Tef ɗin tela ne, da abokai biyu, da minti goma. A ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, shokozoba ya miƙe gaba ɗaya, a auna tsawon farin ƙarfen da ke waje. Idan akwai robar da ta rufe shi a janye ta. A sauke. Mai babur ya hau yadda ya saba hawa, ƙafafunsa a kan matakai, ɗaya ya riƙe masa. A danna gaban a sake shi a hankali a auna, a ɗan ɗaga a sake shi a hankali a sake aunawa, a ɗauki tsakiyar awon biyu. Bambancin wannan da awon farko shi ne zaman shokozoba. A babur na titi ana son ya kama daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukkan tafiyar ƙafar. Idan tafiyarta milimita 120 ce, ana neman 30 zuwa 40. Idan awon nan biyu sun yi nisa da juna sosai, ƙafar na cijewa ne, wataƙila ta lanƙwashe ko datti ya cika ta, kuma babu sifirin da zai magance wannan.

Daga nan ne washa ke da amfani, don daidaita zaman da 'yan milimita kaɗan, daidai wa daida a ƙafafun biyu. Akwai kuma gwaji na biyu da ke tona gaskiya. Bayan an daidaita zaman da mai babur a kai, ya sauka a auna babur shi kaɗai. Idan bai lotsa ko kaɗan ba, sifirin ya yi masa laushi, an matse shi ne fiye da kima kafin ya ɗauki mai babur. Idan ya lotsa sosai, sifirin ya yi masa tauri. Wannan ne lokacin sayen wani, kuma ka san wanne za ka nema. Tsohon sifirin ma a zaro shi a auna tsawonsa, don littafin gyara na kamfani kan faɗi iyakar da idan ya gajarta ƙasa da ita ya gaji.

Sai batun mai, wanda a ganina shi ne rabin ciwon da ake ɗora wa sifirin. Tun 1935 da BMW na Jamus ya fito da R12 mai ƙafafun gaba masu mai a ciki, aikin a rabe yake: sifirin ya ɗauki nauyi, mai ya hana shi tsalle-tsalle. A ƙananan baburanmu man na bi ne ta wasu 'yan ramuka a jikin wani bututu da ke ƙasan ƙafar. Idan aka tura shi a hankali ya wuce salin-alin, idan aka tura shi da sauri ya turje. Shi ya sa babur ke iya yin ruku'u a birki, ya kuma doke ka a rami. Zuba mai mai kauri na rage ruku'un, amma yana ƙara dukan. Man shokozoba na ainihi yana zuwa da lamba kamar 5W, 10W ko 15W, kuma an haɗa shi don kada ya yi kumfa. Yawansa ma na da tasiri, domin iskar da ta rage a samansa ita ma sifirin ce: mai ya yi yawa, ƙarshen tafiyar ya yi tauri, oyil sil ya sha wahala. Babura da yawa da ake cewa gabansu ya mutu, man da suka fito da shi daga kamfani ne har yau a cikinsu, ya zama ruwan toka, rabinsa ya tsiyaye.

Ba na cewa kada a canza sifirin. Mutum mai kilo 110 a kan babur da aka auna wa siriri yana da hujja, haka mai ɗora jarkoki a kan tanki kullum. Na kuma san kuɗin sifirin na waje ya fi ƙarfin yawancinmu, bakanike kuma abin da aka roƙe shi yake yi don kada kwastoma ya koma maƙwabta. Amma in da laifi, na wanda ya zo da magani a bakinsa ne kafin a duba ciwon.

Nawa babur, Baba ya zare bututun nan biyu ya jefa a kwandon shara, ya wanke ƙafafun, ya sa sabon oyil sil, ya auna man da ya dace da sirinji. Da muka gwada da tef, washa biyu kawai kowace ƙafa ta nema. Sifirin da na so in jefar shi ne har yau a ciki, hanyar ƙauyenmu kuma gargadarta na nan, sai dai yanzu ina isa gida in iya ɗaga kofin shayi hannuna bai yi rawa ba.