Gitar ta fita duniya, magana ta tsaya gida

Tunda harshe nake karantawa, bari in fara da suna. Kalmar ishumar aro ce daga Faransanci, chômeur, wato marar aikin yi. Da ita ake kiran samarin Abzinawa waɗanda farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe musu dabbobi, suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi. Sunan raini ne, su kuwa suka ɗauka suka yi ado da shi. A cikinsu Tinariwen ta fito, a nan Nijar kuma Abdallah Oumbadougou.

Kiɗan nasu bai da wani kwalliya. Gitar guda, tafi, wani lokaci jarkar ruwa a madadin ganga. Ana ɗauka a kaset, a kwafa, a miƙa hannu da hannu. Magana ce jarin: kewar gida, gudun hijira, kira ga ƴan uwa su farka. Lokacin tawayen da aka sasanta a 1995, wanda aka samu da irin kaset ɗin a shingen soja yana da bayanin da zai yi.

Yau fa? Tinariwen sun ci Grammy a 2012. Bombino ɗan Agadas ya je Amurka ya ɗauki faifansa Nomad, ya fito a 2013. Ban ƙi ba, wallahi. Mawaƙi ma yana cin tuwo. Amma a can sunan ya zama "desert blues". Ku duba abin da ya ɓace: marar aikin ya fita daga sunan, hamada ta shigo. An cire mutum an bar rairayi. Mai sauraro a Paris ba ya jin Tamashek, saboda haka kunnensa na kan yatsun makaɗi, idonsa na kan rawani. Makaɗi kuwa ya san inda ake tafa masa. A kunnena dai, kiɗan gitar sai ƙara tsawo yake, baituka suna komawa ƴan rakiya.

Labarin Mdou Moctar ya fi ba ni tunani. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga salula zuwa salula ya yaɗu, ba kamfani ba talla. Wannan shi ne abin da samarin nan gida suke so a lokacin. Mdou da duniya ta sani yanzu makaɗin rock ne. Gwani ne kam, kuma bai zubar da magana ba: Afrique Victime na 2021 sunansa kaɗai ya isa. Sai dai mutum nawa cikin masu tsalle a gabansa suka san me yake cewa?

Kada mu ɗora wa Turawa duka. A Tawa da Yamai gitar ta zama ta biki. Makon jiya na je wani aure, aka saki wata tsohuwar waƙar ishumar, muka tashi muna ta rawa. Abokina Ba'abzine ne kawai ya zauna. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce waƙar wani ce da ya tafi Libiya bai dawo ba.